Jinin da Ya Kwana a Rigachikun

Ban taɓa mantawa da ranar da Sa'adatu ta tsaya gaban Farfesa da tiren allura a hannu, tana roƙonsa ya naɗe hannun rigarsa ba. Ku da kuka zo mana kwanan nan kun sha jin zancen a ɗakin shan shayi, kowa da irin gishirin da yake ƙara masa. To ni a gabana aka yi, kuma da hannuna a ciki, don haka bari in ba ku shi tun daga tushe.

Ni ne babban jami'in ɗakin gwaje-gwaje a cibiyar binciken nan tamu, a lokacin da kuma yanzu. Sama da ni akwai Farfesa, shugaban sashe. Likita ne, shi yake samo ayyukan bincike, kuma ba takardar da ke fita da sunan sashen sai ya sa hannu. Ƙasa da ni akwai jami'an gwaji da ɗalibai masu neman digiri. Abin da aka damƙa mini amanarsa shi ne injin nan da ke ɗakin sanyi, wanda muke kira saitomita. Na daɗe da shi har ina gane lafiyarsa daga ƙarar da yake yi idan an kunna shi, kuma ba na jin kunyar faɗar haka.

Ga wanda bai san aikinsa ba, ƙirga ƙwayoyin jini yake yi. Ana ɗiga wa jinin rini iri-iri, kowane rini da irin ƙwayar da yake kamawa. Sai injin ya zuƙi jinin ta wani siririn bututu, ƙwayoyin su bi layi ɗaya bayan ɗaya su gifta ta gaban hasken lesa. Duk wadda ta wuce sai ta bar ɗigo a allon kwamfuta. Mai aiki kuma sai ya zana shinge kewaye da tarin ɗigon da yake so, injin ya gaya masa nawa ne a ciki. Kamar mutum ne tsaye a bakin garke yana ƙirga dabbobin da ke shigowa. Ba ya kuskuren lissafi, amma bai san inda suka yini ba, bai san abin da ya same su a hanya ba.

Masu wannan sana'a suna da babban taro sau ɗaya a shekara. Ba a zuwa haka kawai a ce ana da magana. Tun da sauran watanni sai ka aika abin da ake kira abstirak, wato taƙaitaccen bayanin bincikenka da bai cika shafi guda ba: me ka nema, yaya ka yi, me ka samu, me hakan yake nufi. Kalmomin a ƙirge suke, in ka zarce shafin intanet ɗin ba zai karɓa ba. Akwai ranar rufewa, kuma ba a san alfarma a cikinta ba. Daga nan wasu alƙalai da ba ka san su ba za su karanta. Ko su ba ka damar hawa dandamali ka yi jawabi, wannan shi ne babban rabo, ko su ce ka zo da fosta ka liƙa a allo ka tsaya kusa da ita kana amsa tambayoyi, ko kuma su ba ka haƙuri. Duk wanda sunansa yake kan takardar sai ya amince kafin a aika. In aka karɓa kuwa, ana bugawa a littafin taro, kuma abin da aka buga ya bugu.

Sa'adatu 'yar Badarawa ce, mahaifinta tsohon ma'aikacin gwamnati. Ƙaramar jami'ar gwaji ce a wurinmu, an ba ta hutun karatu tana digiri na biyu. Yarinya ce mai hannu, ba ta zubar da rini, ba ta barin bututu a buɗe, sai dai akwai gaggawa. Makarantarsu ta kafa musu sharaɗi cewa ba wanda zai kare kundinsa sai ya nuna an karɓi aikinsa a wani taron masana. Hutun karatunta kuma a ƙarshen wannan shekarar zai ƙare. In taron ya wuce ta, sai baɗi, kuma kafin baɗi ta koma bakin aiki da digiri rabi. Wannan shi ne abin da ke wuyanta, kuma duk mun sani.

Bincikenta a kan azumi ne. Ta samu manya masu lafiya a Rigachikun da suka yarda a ɗebi jininsu sau biyu, sau ɗaya a watan Sha'aban, sau ɗaya a goman ƙarshe na Ramadan, don a ga ko azumi yana canja fararen ƙwayoyin jini. Wata nas a ƙaramin asibitin garin ce take ɗiba, direbanmu ya je ya ɗauko. A wannan shekarar azumin ya faɗo a tsakiyar bazara, irin zafin da ko kwalta takan yi laushi a Kawo.

Sakamakon da ya fito ya yi wa kowa daɗi. Ƙananan fararen ƙwayoyin nan da muke kira limfosait, waɗanda garkuwar jiki ta dogara da su, kasonsu ya ƙaru a jinin kusan kowa a cikin azumi. Da Sa'adatu ta haska allon a taron sashe, Farfesa sai da ya yi kabbara. Nan take aka raɗa wa abstirak ɗin suna, cewa azumi yana ƙarfafa garkuwar jiki. Farfesa ya ce wannan ba maganar fosta ba ce, dandamali za ta hau, har ya fara zancen wani abokinsa ɗan jarida da zai so jin labarin. Sa'adatu kuwa ranar ƙafarta ba ta taɓa ƙasa ba.

Ni ma na ji daɗi, musulmi ne ni. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. A hotunan jinin azumi, can ƙuryar allon ta ƙasa, akwai ƙura mai yawa, irin ɗigon da tarkacen matattun ƙwayoyi ke bari. Manyan fararen ƙwayoyin kuma, waɗanda suka saba taruwa wuri guda, sun baje sun yi ƙasa. A hotunan Sha'aban babu wannan. Na nuna mata, muka wanke injin, muka gwada shi da ruwan gwaji na kamfani, lafiyarsa lau. Muka tambayi direba, ya ce da safe yake ɗaukowa kamar kullum, bai taɓa tsayawa ko shan mai a hanya ba. Gaskiya ya faɗa. Da aka kawo mini takardar amincewa ana jibi salla, na ce a bar ni in yi salla da ita a raina. Ranar rufewa Juma'a ce ta makon da za mu dawo daga hutun salla, akwai sauran lokaci.

Washegarin salla na kwashi iyali daga Malali muka tafi Rigachikun gaida dangi. A can nake da taubashi, Isiyaku, ɗan kawuna ne, mai sayar da hatsi. Da yake shi ɗan namiji ne ni ɗan mace, tun muna yara bawansa yake kirana, kuma furfura ba ta hana shi ba. Muna zaune a zaure an kawo tuwon salla, sai ya dube ni ya ce:

"Kai bawana, ashe har jinin ubangidanka ka fara sha? To ka riƙe shi da kyau, jinin manya ne."

Na ce wane jini kuma? Mu a wurinmu lamba ce a jikin kwalba, ba suna, don haka ban san yana cikin masu bayarwa ba.

Ya ce, "Sau biyu fa aka tsotse ni saboda wannan binciken naku. Na farko da sassafe, ko koko ban sha ba. Na biyu kuwa muka ce wa Sista ba wanda zai huda mu da azumi a baki. Haba, mutum yana fama da ƙishi a kuma rage masa jini?"

Na ajiye cokali. Na ce, "To sai aka yi yaya?"

"Sai ta ce mu zo in an sha ruwa mana. Matar kirki ce. Sai da na cika cikina da kunu da ƙosai, na yi magariba, sannan na je na miƙa mata hannu. Duk haka muka yi, har da liman ɗin unguwarmu."

"Jinin fa? Ina take kai shi?"

"Ina kuwa za ta kai shi? Ta jera a kwali ta kulle a ɗakin magani. Direbanku ai sai da safe yake zuwa."

Na san ɗakin. Rufin kwano ne ba silin, taga ɗaya, ita ma a rufe saboda ɓarayi. Na tambaye shi ko akwai wuta a lokacin, ko da fanka. Ya yi dariya har ya ƙware, ya ce rabonsu da wuta tun kafin a ga watan azumi.

Tuwon nan ban ƙarasa shi ba. Isiyaku ya ce bawa ya fara girman kai, ni kuwa lissafi nake yi. Abu biyu ne suka haɗu. Na farko, sanannen abu ne a sana'armu cewa jinin yamma ya fi jinin safe yawan limfosait a jikin kowa, mai azumi da marar azumi. Na biyu, in jini ya kwana cikin zafi, manyan fararen ƙwayoyin ne suke fara mutuwa, ƙananan sun fi su juriya. In kana da awaki da tumaki, awakin suka mutu a hanya, ai tumaki za su yi yawa a ido ba tare da ko ɗaya ta haihu ba. Wato mun auna jinin safe sabo da jinin dare kwananne, muka ce bambancin azumi ne.

Ban ga laifin nas ɗin ba, har yau ban gani ba. Da ta matsa sai da rana, da duk sun gudu an rasa binciken gaba ɗaya. Ba wanda ya gaya mata cewa lokaci yana da muhimmanci, ita kuma ta yi abin da kowace nas a ƙasar nan take yi a watan azumi.

Ranar Litinin da muka dawo, ban fara zuwa wurin Farfesa ba. Aikin Sa'adatu ne, ita ya kamata ta fara ji. Na kira ta ɗakin injin na rufe ƙofa na gaya mata. Nan take ta ɗauki waya ta kira nas ɗin a gabana. Sista ta tabbatar da komai cikin fara'a, har tana mamakin tambayar. Da Sa'adatu ta kashe wayar idonta ya kawo ruwa.

Ta ce, "Malam, Juma'a fa ake rufewa."

Na ce na sani.

"Ba wanda zai tambayi ƙarfe nawa aka ɗebi jini. Shafi ɗaya ne. In ba ka so, ka cire sunanka kawai, ba zan ji haushi ba."

Na ce mata cire sunana ba wuya, minti ɗaya ne. Amma ba ni zan hau dandamalin ba. Ɗakin zai cika da mutanen da suka tsufa suna kallon irin hotunan nan, kuma ƙurar da na gani daga kujerata za su gan ta daga layin baya. Wani zai ɗaga hannu cikin ladabi ya tambayi tsawon lokacin da jinin ya yi kafin ya shiga injin. Na ce, "A lokacin me za ki ce? Da ba ki sani ba, da kuskure ne. Yanzu kin sani."

Ta ce, "To shi ke nan na rasa shekarata."

Na ce ban ce ba. Na ce abin da ke hannunta ya fi wancan ƙarfi, in za ta iya nuna shi. Duk wani ɗakin gwaji da ke tsakanin musulmi yana karɓar jinin bayan magariba wata guda cur a kowace shekara, kuma ban taɓa ganin wanda ya rubuta hakan ba. Tausayinta ya kama ni ƙwarai, don na san yadda ta ɗora rai a kan jawabin nan, amma ban sassauta ba. Ta tashi ta fita. Bayan azahar ta dawo ta ce in raka ta ofishin Farfesa, ita za ta yi bayani da bakinta.

Ta yi bayanin tsaf, ba ta tsallake komai ba. Farfesa ya cire tabarau ya dube ni, ba ita ba.

Ya ce, "Malam Tanimu, kai ko gida an share sai ka nemo ƙura a bayan ƙofa. Kwana ɗaya ne fa. A ƙara layi guda a ƙarshe a ce an samu ɗan jinkiri, shi ke nan. Ko kuwa kana shakkar azumi yana da amfani ga jiki ne?"

Wannan tambayar ita ce tarkon, kuma na san ba da mugunta ya yi ta ba, abin ne yake so ya tabbata. Na ce, "Ranka ya daɗe, azumi ya girmi injin nan, ba ya jiran shaidarsa. Abin da nake tsoro shi ne mu jingina shi da shaidar da wani zai zo ya ture da ɗan yatsa."

Ya yi tsaki, amma ba da ni ba. Ya juya kan mutanen Rigachikun. Ya ce wannan duhun kai har yaushe? Malamai sun faɗa a masallaci, sun faɗa a rediyo, ɗan jinin gwaji ba ya karya azumi, amma mutanenmu ba sa ji. Ya daɗe yana faɗa a kan haka. Daga ƙarshe ya ce in muna da hujja mu kawo masa kafin Alhamis, in babu, takarda za ta tafi yadda take.

Hujjar ba ta da wuyar nema. Izinin da kwamitin ɗa'a, mai sa ido kan binciken da ake yi a jikin mutane, ya ba sashenmu ya yarda a ɗebi jinin ma'aikatan da suka amince don gwada ingancin aiki. Sai muka tsara cewa ranar Talata da safe za a ɗebi kwalba biyu daga hannun kowane mutum da allura guda. Ɗaya ta shiga injin nan take, ɗaya kuma a kai ta tsohon siton bayan gini mai rufin kwano ta kwana, a auna ta washegari. Da yamma kuma a sake ɗiba don a ga bambancin safe da yamma.

Sai ga wata sabuwa. Makon sittu Shawwal ne, rabin ma'aikatanmu suna azumin kwana shidan nan na bayan salla. Mutanen da suka yi shekaru suna huda jama'a, da Sa'adatu ta nufo su da tire sai kowa ya tuna yana da aiki a wani ofis. Wani ya ce jiri yake ji. Wani ya ce shi ya san ba ya karya azumi, amma dai a bari sai gobe. Ni na bayar, ita ta bayar, abokan aikinmu biyu Kiristoci suka bayar suna mana dariya. Hannu huɗu bai isa a kai wa Farfesa ba. Sa'adatu ta tsaya tana kallon tiren, sannan ta ce, "Malam, zo mu je." Ban san inda ta nufa ba sai da na ga mun tsaya a ƙofar ofishinsa.

Ta yi sallama ta rusuna ta ce, "Ranka ya daɗe, hannu muke nema, mutane sun yi ƙaranci. Ko za ka taimaka mana da naka?"

Yana rubutu ne, ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Ina sittu Shawwal, 'yata. Ki bari sai an sha ruwa."

Ni na kafa ido a kan kalandar bango, don na san in muka haɗa ido da ita dariya za ta ƙwace mini, kuma aikina nake so. Alƙalaminsa ya ci gaba da tafiya kaɗan, sannan ya tsaya. Ya ɗago ya dube ta, ya dubi tiren, ya dube ni. Kunyar da na gani a fuskar dattijon nan ta sa na ji ya ƙara girma a idona, don bai nemi hanyar zillewa ba. Ya ajiye alƙalamin a hankali ya fara ɓalle maɓallin hannun rigarsa.

Ya ce, "Mahaifiyata ko maganin ido ba ta yarda a ɗiga mata da azumi. Ashe a nono na sha." Ya miƙa hannu ya ce, "Ɗebi, kuma ki faɗa wa waɗancan matsoratan ina kiransu ɗaya bayan ɗaya."

Kafin azahar tire ya cika.

Ranar Laraba muka auna kwalaben da suka kwana a sito. Na bar Sa'adatu ta zana shingayen da hannunta, ni ina tsaye a bayanta. Ƙurar nan ta fito a ƙuryar allo, manyan ƙwayoyi suka baje, kason limfosait ya hau, daidai da hotunan Rigachikun. Jinin yamma shi ma ya nuna nasa bambancin. Muka buga hotuna biyu na Farfesa, na safe da na kwananne, muka kai masa. Na ajiye su gefe da gefe na ce, "Ranka ya daɗe, albishirinka. Garkuwar jikinka ta ƙaru cikin dare ɗaya, a sito."

Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya ce, "Allah ya shirye ka, Malam Tanimu," ya jawo kujera ya ce Sa'adatu ta kawo kwamfutarta.

A nan na ga abin da ya sa ake kiransa Farfesa. Ya zauna da ita ranar Laraba da Alhamis suna sake ginin abstirak ɗin daga farko. Sunan azumi yana ƙarfafa garkuwa ya fita. Sabon ya yi magana ne a kan yadda lokacin ɗibar jini da kwanansa cikin zafi a watan Ramadan suke iya ruɗar mai ƙirga. Aka faɗi abin da aka gani a Rigachikun, aka faɗi yadda aka gano dalili, aka faɗi gwajin kwalba biyu, aka kuma faɗa a fili cewa wannan aikin bai nuna azumi yana ƙara garkuwa ba, bai kuma nuna yana rage ta ba. Duk inda ta sa kalmar ado sai ya soke. Da kalmomi suka zarce ƙa'ida, jimlar da shi ya rubuta da kansa ya fara cirewa. Ya rubuta wa kwamitin ɗa'a ya sanar da su canjin. Na sa hannu a takardar amincewa da farin ciki, ta danna aikawa ranar Juma'a da hantsi, muka tafi masallaci.

Da amsa ta zo bayan wasu makonni, fosta aka ba ta, ba dandamali ba. Ta ji zafi, ba ta ɓoye ba. Ta ce mini har ɗinkin da za ta sa ranar jawabi ta riga ta kai wa tela. Na ce ta sa shi a gaban fostar, allo ba ya hana kwalliya. Makarantarsu dai ta karɓi takardar, ta kare kundinta kafin hutun ya ƙare.

Ni ban je taron ba, ita ta ba ni labari da ta dawo. Ta ce da farko mutane wucewa suke yi, sai wani dattijo daga wani ɗakin gwaji na nan Arewa ya tsaya ya karanta tun daga sama har ƙasa. Ya tambaye ta ko da gaske kwana ɗaya ne kawai. Ta nuna masa hotunan nan biyu. Bai ce ta yi ƙoƙari ba, sai ya ciro waya ya matsa gefe. Ta ji yana cewa wani, "Wannan takardar tamu ta azumi, ku dakata da ita tukuna. Ku tambayo mini ƙarfe nawa ake ɗibar jinin." Ta ce a lokacin ne ta ga kanta a ɗaya gefen wayar, don saura ƙiris da ita za a yi wa irin wannan kiran.

Da na gaya wa Isiyaku yadda aka ƙare, ya ce wato duk ƙishin da ya sha bai ƙara masa komai ba ke nan? Na ce ladansa yana nan, injina ne ba ya ƙirga irin wannan. Ya ce dama bawa bai taɓa kawo wa ubangidansa labari mai daɗi ba. Amma da azumi ya zagayo Sa'adatu ta koma Rigachikun da sabon tsari, shi ya fara zuwa da hantsi, da azuminsa a baki, bayan ya tambayi liman sau biyu.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, ba rashin sani ne ya kusa kayar da mu ba. Kowa a sashen nan ya san mutanenmu ba sa son allura da azumi. Iyayenmu haka suke, mu ma da aka taɓa mu haka muke. Abin ya zama jiki har ba wanda ya ga ya kai a tambaya, balle a rubuta. Baƙo da zai zo daga wata ƙasa da ya tambaya tun ranar farko. Mu 'yan gida ne muka tsallake shi, kuma muka tsallake shi da sauri saboda amsar da ta fito ita ce wadda zuciyarmu take so. Sakamakon da ya ɓata maka rai za ka bincike shi ko ba a sa ka ba. Wanda ya sa ka kabbara shi ne yake buƙatar ka koma sito ka duba.

Ko azumi yana ƙara garkuwar jiki? Har yanzu ba mu sani ba, ana kan aikin, kuma Sa'adatu ce take jan sa. Don haka in kun ga ta tare direba a bakin ƙofa ta ƙi karɓar kwalin jini sai ya gaya mata lokacin da aka ɗiba da inda ya kwana, kada ku ce tsanani ne da ita. Ta taɓa riƙe takardar da kowa ya yaba, saura kwana huɗu ta aika, ta yaga ta da hannunta.